Ku Tambayi Likita: Karayar Ƙashin Cinya a Bakin Gwiwa

Wasiƙu da dama da suka iso wannan fili sun haɗu a kan abu guda, wato karayar ƙashin cinya ta can ƙasa, inda yake sauka a kan gwiwa. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena ɗan shekara 24 ne, yana sana'ar kabu-kabu. Mota ta buge shi kusa da kasuwar Dole, gwiwarsa ta dama ta kumbura, ko ɗaga ƙafar ba ya iya yi. An ɗauki hoton ƙashi, aka ce ƙashin cinya ya karye daidai saman gwiwa, kuma tsagar ta shiga cikin gaɓar. Likitoci sun ce a yi sikana, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi yanka-yanka, sannan a yi aiki a sa masa ƙarfe. Kawunmu kuwa ya ce a kai shi wurin wani maɗori da ya taɓa ɗora masa hannu ya warke sarai. Kuɗin aikin ba kaɗan ba ne. Me ya sa hoto ɗaya bai isa ba, kuma me zai hana a yi ɗorin gargajiya? Daga wani mai karatu a unguwar Zango, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba shi lafiya. Kawunku bai yi ƙarya ba game da hannunsa, domin karaya da yawa ta hannu, muddin ƙashin bai goce ba, tana haɗewa da kanta idan an tsare ta wuri ɗaya. Abin da ya sami ƙanenka kuwa wani iri ne dabam, kuma bambancin yana cikin yadda aka halicci wurin da ya karye.

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin ɗan Adam. Idan ya kusa gwiwa sai ya yi faɗi, ya rabu zuwa kawuna biyu mulmulallu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, waɗanda suke zaune a kan ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuma yana zamewa a cikin kwarin da ke tsakaninsu. An lulluɓe kawunan da guringuntsi mai santsi, kaurinsa ƴan milimitoci ne, kuma babu jijiyar jini a cikinsa, shi ya sa ba ya sake tsirowa yadda ƙashi yake yi. Karayar wannan yanki ba ta da yawa, wajen kashi 3 zuwa 6 ce cikin 100 na dukan karayar ƙashin cinya, amma tana cikin waɗanda suka fi ba likitocin ƙashi wahala. Wata ƙungiyar likitoci mai suna AO, wadda aka kafa a Suwizalan a 1958, ta ba yankin lamba 33, ta kuma kasa karayarsa gida uku: A ita ce wadda ta tsaya a saman gaɓa ba ta shiga ciki ba, B ita ce wadda ta ɓalle kai ɗaya ta bar ɗayan a jikin ƙashi, C kuwa ita ce wadda ta raba kawunan biyu da junansu ta kuma raba su da sauran ƙashin. Ka duba takardar ƙanenka, mai yiwuwa ka ga wannan lamba da harafinta. Tun da an ce tsagar ta shiga gaɓa, to tasa B ce ko C.

Game da sikana, hoton ƙashi na yau da kullum inuwa ce kawai yake nunawa ta fuska biyu, gaba da gefe, saboda haka wani guntu yakan ɓoye a bayan wani. Akwai wata tsaga ta musamman da take yanke bayan kan ƙashin, wadda ake kira da sunan likitan Jamus Albert Hoffa, da ya yi bayaninta a 1904. Sau da yawa ba a ganinta a hoton gaba, kuma takan zo tare da karaya irin ta C. Idan likita ya shiga aiki bai san da ita ba, zai ɗaure sauran ƙashin ya bar wannan guntu yana reto a cikin gwiwa. Sikana tana nuna ƙashin yanka-yanka, ta bayyana yawan gutsattsarin da inda kowanne ya nufa, ta yadda za a san irin ƙarfen da za a tanada tun kafin a shiga ɗakin tiyata. A hatsari mai ƙarfi kamar wannan akan kuma ɗauki hoton ƙashin gaba ɗayansa har zuwa ƙugu, domin wani lokaci wuyan ƙashin can sama ma ya tsage, amma zafin gwiwa ya sa ba a lura ba.

To, me ya sa ɗauri daga waje ba ya wadatarwa? Dalili na farko tsokoki ne. Tsokokin gaba da na bayan cinya suna jan ƙafar sama, sai ta gajarce. Tsokar sha-raɓa kuma, wadda tushenta yake a bayan kawunan nan biyu, tana jan guntun ƙasa ta kwantar da shi baya. Guntun gajere ne, yana nutse a cikin nama da jinin da ya taru, babu wani kara ko tsumma da zai iya riƙe shi daga waje. Dalili na biyu shi ne fuskar gaɓar. Idan tulun Mirya ya fashe aka liƙa shi, ko da ya riƙe ruwa, yatsa yana jin tudun da ke wurin liƙin. A cikin gwiwa, tudu irin wannan da ya wuce milimita 2 yana goge guringuntsin da ke fuskantarsa a kowane taku, har ya cinye shi, saurayi ya wayi gari da ciwon gwiwa irin na tsofaffi tun bai kai shekara 40 ba. Hannun maɗori, komai ƙwarewarsa, ba ya iya jin milimita 2 ta cikin gwiwar da ta kumbura, kuma hannun likita ma ba ya iyawa, shi ya sa yake buɗewa ya gani da idonsa.

Aikin da ake yi yakan bi wannan tsari: a fara daidaita fuskar gaɓar a riƙe ta da ƙusoshi, sannan a haɗa ta da sauran ƙashin, ko dai da dogon ƙarfe mai faɗi da ake kwantarwa a gefen ƙashin, wanda ƙusoshinsa suke kulluwa a jikinsa, ko kuma da sandar ƙarfe da ake zurawa ta cikin ɓargo daga wajen gwiwa zuwa sama. Idan fata ta yage sosai ko kumburi ya yi yawa, akan fara kafa ƙarafa daga waje na ƴan kwanaki kafin babban aikin. Inda aiki bai yiwu ba, akwai tsohuwar hanya ta rataya nauyi a ƙafa, mutum yana kwance mako 6 zuwa 12. Tana haɗa ƙashi, amma sau da yawa gwiwa takan sandare. Babbar fa'idar ƙarfe ita ce yana riƙe ƙashin da ƙarfin da zai ba da damar fara lanƙwasa gwiwa cikin kwanakin farko.

Ban raina maɗora ba, kuma na san a ƙauyuka da yawa su ne kawai ke kusa. Amma ra'ayina a kan wannan karaya ba shi da kwana-kwana: ba tasu ba ce. Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Bayan kamar mako uku ƙashin ya fara kamawa a karkace, kuma iyalin da suka gudu daga kuɗin aiki sukan dawo su biya na aiki mafi wuya, wanda sai an sake karya abin da ya haɗe, sakamakonsa kuma bai kai na farko ba. Ku zauna da likitan ya rubuta muku abin da ake buƙata dalla-dalla, ku nemi ofishin da ke taimaka wa marasa ƙarfi a asibitin, sannan ku shigo da Kawu cikin maganar, a nuna masa hoton da kansa. Dattijo ya fi saurin amincewa da abin da aka nuna masa a kan abin da aka yanke ba da saninsa ba.

TAMBAYA: Likita, mu ƴan kabu-kabu mu ne muke fara isa wurin hatsari. Me ya kamata mu yi kafin a kai mutum asibiti? Daga wani ɗan kabu-kabu a Garin Malam.

AMSA: Sannunku da ƙoƙari. Kada ku ja ƙafar don ku miƙe ta da ƙarfi, kada ku tsayar da mutumin don ku gwada ko zai iya takawa, kuma kada ku ɗora shi a bayan babur ƙafar tana lilo. Babbar jijiyar da ke kai jini ga ƙafa tana bi ta bayan gwiwa, dab da ƙashin, kuma bakin karyayyen ƙashi yana iya yanke ta ko ya danne ta. Ku nemi katako ko sanda mai ƙarfi guda biyu, daga ƙugu zuwa idon sawu, ku shimfiɗa tsumma tsakaninsu da fata, ku ɗaure ba tare da matsewa ba. Idan babu, ku ɗaure ƙafar a jikin ƴar'uwarta. Wannan ƙaramin aiki ba abin wasa ba ne. A yaƙin duniya na farko, mafi yawan sojojin da harsashi ya karya wa ƙashin cinya mutuwa suke yi, sai da sojojin Ingila suka fara tsare ƙafar da wani ƙarfe da likita Hugh Owen Thomas ya ƙirƙira, sannan mace-macen suka ragu ƙwarai. Cinyar da ta karye tana iya haɗiye lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na jini ba tare da ɗigo ya fito waje ba, kuma motsi yana ƙara zubar.

Idan akwai rauni a buɗe, ku rufe shi da tsumma mai tsabta ku danna, kada a zuba toka, ƙasa ko man birki, kada kuma a tura ƙashin da ya leƙo. Irin wannan yana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanos cikin gaggawa, da wanki a ɗakin tiyata. Ku taɓa tafin ƙafar: idan ya yi sanyi, ya koɗe, ko mutumin ya ce ba ya jin yatsunsa, ku faɗa wa ma'aikacin farko da kuka gani, domin ƙafar da jini ya yanke mata fiye da kamar awa 6 tana cikin haɗarin yankewa. Kada ku ba shi abinci ko fura, saboda mai yiwuwa a sa masa maganin barci. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar 18 ce.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyata ta haura shekara 70. Santsi ya kwashe ta a makewayi, aka ce ta karye a saman gwiwa. Yaya faɗuwa kaɗan za ta karya ƙashi mafi ƙarfi? Kuma ƴan'uwana suna tsoron aiki saboda tsufanta, sun fi so ta kwanta a gida. Daga wata mai karatu a Mirya.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya. Wannan karaya mutane iri biyu ta fi samu: samari a hatsarin hanya, da tsofaffin mata a faɗuwar cikin gida. Bayan mace ta daina al'ada ƙashinta yana raguwa a hankali, ya zama sako-sako daga ciki, kuma ƙarshen ƙashin cinya yana cikin wuraren da suka fi yin rauni, har murɗewar ƙafa a kan jiƙaƙƙen daɓe ta isa ta karya shi.

Tsoron ƴan'uwanki yana da tushe, amma sun auna haɗari ɗaya sun bar ɗayan. Tsohuwar da ta kwanta wata biyu ko uku ba ta tashi tana fuskantar gyambon kwanciya a ƙugu da dunduniya, ciwon huhu, ciwon mafitsara, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda gudansa yake iya tafiya huhu ya kashe mutum nan take. Waɗannan su ne suke ɗaukar tsofaffi bayan karaya fiye da wuƙar likita. Saboda haka manufar aiki a wurinta ita ce a zaunar da ita a kuma tayar da ita da wuri. Kafin a yi, za a auna jininta, hawan jini, sukari, zuciya da ƙoda, kuma sau da yawa allurar baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa mutum yana farke. Idan bayan awon likitoci suka ga jikinta ba zai ɗauka ba, su za su faɗa, su tsara mata wata hanya. Wannan hukunci ne na awo, ba na ƙidayar shekaru ba. Bayan ta warke a nemi a duba mata raunin ƙashin kansa, a kula da nono, zogale da ƙananan kifi a abincinta, ta riƙa samun hantsi, a kuma gyara daɓen makewayin a kafa mata abin riƙewa.

TAMBAYA: Likita, ɗana mai shekara 11 ya faɗo daga amalanke, ƙafarsa ta maƙale a jikinta. Hoto bai nuna wata babbar karaya ba, amma an sa masa filasta, aka ce mu riƙa dawowa har shekara biyu. Yanzu yana gudu da ƙafarsa. Ashe ba ɓata kuɗin mota ba ne? Daga wani magidanci a Matamai.

AMSA: Malam, ba ɓata kuɗi ba ne, kuma wanda ya ba ku wannan shawara ya san aikinsa. A ƙarshen ƙashin cinyar yaro akwai wani faifan guringuntsi wanda daga nan ƙashin yake tsawo. Shi kaɗai yake samar da kusan kashi 70 cikin 100 na tsawon ƙashin cinya, wajen santimita ɗaya a kowace shekara, kuma ba ya rufewa sai yarinya ta kai shekara 14 zuwa 16, yaro kuwa 16 zuwa 18. Ya fi jijiyoyin gwiwa rauni, shi ya sa murɗewar da za ta ba babba targaɗe takan tsaga wa yaro wannan faifai. Da yake guringuntsi ba ya fita a hoto, karayar takan ɓuya. Likitoci biyu na Kanada, Salter da Harris, su ne suka kasa irin wannan rauni gida biyar a 1963, kuma har yau da rabonsu ake aiki.

Matsalar ba ta bayyana nan take. Karayar tana haɗewa cikin ƴan makonni, yaro ya koma ƙwallo, amma a wani kaso mai yawa na yaran da suka ji rauni a wannan wuri, wani ɓangare na faifan yakan daina girma. Idan duka ya tsaya, ƙafar za ta gajarce; ka lissafa santimita ɗaya sau shekarun girman da suka rage wa ɗanka. Idan gefe ɗaya ne ya tsaya, ƙafar za ta karkace, ta yi gwame ko ta yi baka. Sau da yawa ana iya gyara wannan da ƙaramin aiki idan an gano shi da wuri, amma idan ya yi nisa sai an yanke ƙashi. Ku riƙa zuwa a ranakun da aka ba ku da tsofaffin hotunan a hannu, kuma a gida ka riƙa kwantar da shi rigingine kana kwatanta dugadugansa biyu.

TAMBAYA: Likita, an yi mini wannan aiki wata huɗu da suka wuce. An ce ƙashi ya fara haɗewa, amma gwiwata ba ta lanƙwasa sai kaɗan, ba na iya zaman tahiya ko tsuguno. Shin ƙarfen ne ya hana? In sa a cire shi? Daga wani malamin makaranta a Birni.

AMSA: Malam, wasiƙarka ta taɓo abin da ake yawan mantawa. A mafi yawan lokuta ba ƙarfen ba ne. Jinin da ya taru da tabon rauni suna manne tsokar gaban cinya a jikin ƙashi, su kuma ɗaure ƙoƙon gwiwa, kuma kowane mako da gwiwa ta yi a miƙe yana ƙara ƙarfin wannan manni. Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasa kamar digiri 60, hawa matakala kamar 90, tashi daga kujera ɗan fiye da haka. Littattafan Turawa da yawa suna ɗaukar wanda ya kai nan a matsayin wanda ya warke, domin rayuwarsu ta kujera ce. Mu kuwa da muke sujada da zaman tahiya sau biyar a yini, muke cin abinci a kan tabarma, muke tsuguno a masai, muna buƙatar digiri 140 ko fiye. Ya kamata mara lafiya ya faɗa wa likitansa wannan tun farko, likitan kuma ya faɗa masa gaskiya, cewa bayan karaya irin ta C ba kowa ne yake komawa cikakken tsuguno ba.

A wata huɗu ƙofa ba ta rufe ba, amma ta fara kurewa. Ka koma wurin wanda ya yi maka aikin a sake hoto, a tabbatar babu ƙusar da ta leƙa cikin gaɓa kuma ƙashin yana haɗewa, sannan a haɗa ka da ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda muke ce wa kine. Zuwa wurinsa kawai ba ya isa. Aikin na kullum ne a gida, sau da yawa a yini: zama a bakin gado ana barin ƙafar ta sauka, jan dunduniya zuwa ɗuwawu da zane, motsa ƙoƙon gwiwa da yatsu, da ɗaga ƙafar a miƙe don ƙarfafa cinya. Kada ka manta da miƙewa, domin gwiwar da ba ta miƙe sarai ba ita ce ke sa ɗingishi, kuma matashin da ake sawa a ƙarƙashinta don jin daɗi shi ne ke jawo hakan. Kada ka bari wani ya danne ta da ƙarfi a gida, ƙashin yana iya sake karyewa. Idan watanni suka wuce ba ci gaba, likita yana iya lanƙwasa ta a ƙarƙashin maganin barci, ko ya yi aikin saki tsokar da ta manne.

Batun takawa da cikakken nauyi hoto ne zai yanke shi. Yawanci akan jira mako 6 zuwa 12, haɗewa kuma takan ɗauki wata 3 zuwa 6. Taba sigari da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba suna jinkirta ta, wani lokaci su hana ta ɗungum. Maganin zafi ka sha wanda aka rubuta maka, ka nisanci tramol na bakin titi. Ƙarfen ba ya tsatsa a jiki, kuma ba a cire shi sai da dalili, kamar ruwa ko mugunya da ke fita daga wurin ɗinki, ko yana gogar nama. Ko da za a cire, yawanci ba a yi kafin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kafin nan ka yi sallarka a kan kujera kamar yadda malamai suka yi bayani ga mai lalura, ka sa a ɗora maka mazauni mai tsawo a masai, sannan ka riƙa rubuta digirin da kine ya auna maka kowane mako, ka tafi da takardar duk ranar da za ka ga likita.